Wa Zai Rubuta Mana Zango da Hausar Zango?



Ina da wata goggo a Aboabo, cikin Kumasi, wadda shekarunta suka doshi tamanin. Ba ta taɓa zama a ajin boko ba, amma a 'yan shekarun nan ta sauke littattafan Hausa fiye da waɗanda ni da na yi makaranta na sauke. Da kunne take nata karatun. Bayan sallar lisha jikarta takan kunna mata waya, wata murya daga Kano ko Kaduna ta shiga karanto labari babi bayan babi, ita kuwa tana kishingiɗe a kan tabarma, tana tsaki, tana salati, wani lokaci har ta yi wa kishiyar da ke cikin labarin Allah-ya-isa. Rannan na kai mata gaisuwa, na tarar an kai inda ake kai amarya wani katafaren gida a Abuja. Da aka tsayar da wayar sai ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, su waɗannan masu rubutu ba su san da mu ba ne? Kullum Kano, kullum Abuja, kullum Dubai. Mu nan ba a aure ne, ko kuwa ba a mutuwa?”

Na yi dariya na ce, “Goggo, ai an rubuta ku. Akwai ɗan Kumasi da ya rubuta labarin wani mai shayi a zango, har Amurka aka karanta.” Ta gyara zama ta ce, “To madalla. Kunna mini in ji.” Nan bakina ya mutu, domin labarin da Turanci yake.

Tun daga ranar abin yake ci mini rai, shi ya sa na ga ya dace in kawo shi nan mu tattauna, musamman da yake labarin sababbin littattafai yana yawan iso mana a shafukan zumunta, mu yi ta murna muna turawa, ba tare da mun tsaya mun tambayi kanmu da wane harshe aka rubuta su ba, kuma wa zai iya karanta su a cikin gidajenmu.

Marubucin da na ambata wa goggo shi ne Mohammed Naseehu Ali, haifaffen Kumasi, wanda ya daɗe yana zaune a Amurka. A 2005 ya fitar da tarin gajerun labarai mai suna The Prophet of Zongo Street, kuma a wannan shekarar ce mujallar The New Yorker ta buga labarinsa na Malam Sile, mai shayin da abokan ciniki suka raina, suna cin bashinsa ba sa biya, har Allah ya haɗa shi da mace mai ƙarfin hali da ƙarfin damtse, ta shiga karɓo masa haƙƙinsa. Duk wanda ya tashi a zango ya san teburin nan na mai shayi, ya san masu zaman benci da ke shan na bashi suna kuma yi wa mai shi ba'a. A 2024 mujallar ta sake buga wani labarinsa, Allah Have Mercy, a kan yaro da kawunsa mai saurin ɗaga bulala. Wannan ma babu wanda ya yi makarantar allo da zai ce baƙon abu ne a gare shi. Mutumin bai manta gida ba, kuma alƙalaminsa yana da kaifi.

Haka Ayesha Harruna Attah, wadda aka haifa a Ankara (tamu ta bakin teku nake nufi, ba ta Turkiyya ba). A 2018 ta fitar da The Hundred Wells of Salaga, labarin mata biyu a ƙarshen ƙarni na sha tara: Aminah da aka kama aka kai kasuwar bayi, da Wurche 'yar gidan sarautar Gwanja. A 2020 ta bi sawun ƙannen Aminah tagwaye, Hassana da Husseina, a cikin The Deep Blue Between. Salaga fa, garin da fataken goro daga Kano da Katsina suka mayar gida, garin da sunansa ke cikin tarihin gidaje da yawa a zangunanmu. Ta taɓo abin da mu kanmu ba ma son a taɓo, wato cewa a kasuwar da kakanninmu suka yi arzikin goro, an kuma sayar da 'yan'adam, kuma hannun wasu daga cikin namu bai fita ba. Wannan magana ce da ta cancanci a yi ta a tsakar gida, da harshen tsakar gida, tsofaffi suna ji suna gyara wa ko suna musu. Amma littafin ya shiga harsunan Turai da dama tun kafin wani ya yi tunanin mayar da shi Hausa.

In muka leƙa maƙwabta ma haka zancen yake. Djaïli Amadou Amal, Bafulatanar Marwa a arewacin Kamaru, ta ci babbar kyautar da ɗaliban sakandaren Faransa ke zaɓa a 2020 da littafinta Les Impatientes, a kan auren dole da zaman kishi da kalmar “haƙuri” da ake ɗura wa mace tun daga ranar ɗaurin aure. Ta biyo da Cœur du Sahel a 2022 da Le Harem du roi a 2024. Duk da Faransanci. A Nijeriya kuwa Abubakar Adam Ibrahim, ɗan Jos, ya ci kyautar adabi ta NLNG, mai dala 100,000, a 2016 da Season of Crimson Blossoms, sannan ya fitar da When We Were Fireflies a 2023.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba na ganin laifin ko ɗaya daga cikinsu. Marubuci yana rubutu da harshen da aka horar da hannunsa a kai, kuma yana da haƙƙin neman masu karatu inda suke da yawa, da neman abin sakawa a bakin salati. Sun fitar da mu kunya a idon duniya, sun nuna cewa rayuwar zango da ta Sahel abar rubutawa ce. Abin da nake so mu lura da shi shi ne bambancin halinmu da na 'yan'uwanmu na Nijeriya. Su koguna biyu ne ke gudana a wurinsu. In Abubakar Adam ya yi da Turanci, akwai ɗaruruwan mata da maza a Kano da Katsina da Gusau da Zariya da suke yi da Hausa, kullum cikin sabon labari ake. Mu a Gana kogi ɗaya gare mu. Abin da aka rubuta a kanmu yana cikin harshen da iyayenmu mata ba sa karantawa, abin da suke saurare da Hausa kuwa labarin wasu garuruwa ne. Mun zama kamar mai kallon biki ta kan katanga, yana jin kiɗan, yana gane waƙar, amma ba a kiran sunan gidansu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ba haka muka taso ba. Wannan ƙasa ta taɓa riƙe ɗaya daga cikin manyan alƙaluman Hausa na zamaninsa. Alhaji Umaru, wanda ake kira na Salaga ko na Kete Karachi, an haife shi a Kano wajen 1858, ya biyo hanyar fatake ya zauna a Salaga, yaƙin basasar 1892 ya watse garin, daga baya ya koma Kete Karachi inda ya yi limanci da koyarwa har ya rasu a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, a kan zuwan Nasara, a kan talauci da wadata, a kan annobar da ta auka wa mutane. Ya kuma rubuta dogayen bayanai da ajami game da ƙasar Hausa, sana'o'inta da al'adunta da tarihin garuruwanta, ya ba wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich. Waɗannan takardu suka tafi Turai. Wani Ba'amurke, Douglas Ferguson, ya yi digirinsa na uku a kansu a 1973, wani masani ɗan ƙasar Folan, Stanisław Piłaszewicz, ya fitar da wasunsu a littafi a 2000. A Jami'ar Gana da ke Legon ma akwai tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka tattaro daga gidajen malamai a shekarun 1960, nasa na ciki. Tsohon garin Kete Karachi kuwa ruwan Volta ya cinye shi bayan an gina madatsar Akosombo.

Ku duba wani abin mamaki. Shekarar da Alhaji Umaru ya rasu, 1934, ita ce shekarar da littattafan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya suka fara fitowa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauransu. Wato a daidai lokacin da rubutun zube na boko yake kafa ƙafa a can, mu a nan muka rufe babban marubucinmu, kuma ba mu bi waccan sabuwar hanya ba. Malamanmu sun ci gaba da rubutu da Larabci da ajami, Allah ya saka musu, amma ƙagaggen labari da Hausar boko bai taɓa yin saiwa a zango ba. Yau in ka tara matasa goma a Nima ko Asawase ka tambaye su wane ne Alhaji Umaru, da wuya ka sami wanda ya taɓa jin baiti ɗaya nasa. Bature ya karanta shi, mu jikokin ɗalibansa ba mu karanta ba.

Me ya kawo haka? Dalili na farko a bayyane yake, makaranta. Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ɗauka don koyarwa a makarantun Gana. Yaron zango yana zuwa aji a koya masa karatu da rubutu da Turanci, a ƙara masa da Tuwi a Kumasi, ko Ga a Ankara, ko Dagbani a Tamale. Harshen da yake mafarki da shi, wanda uwarsa ke yi masa faɗa da shi, ba ya ganin sa a kan allo ko sau ɗaya. Gidan rediyon ƙasa yana labarai da Hausa tun da daɗewa, tashoshi irin su Zuria a Kumasi da Marhaba a Ankara suna watsa shirye-shirye da ita dare da rana, wa'azi da ita, ciniki da ita, har sunayen abincin da duk Gana ke ci, wake da koko da ƙosai da tuwon zafi, daga bakinmu aka ɗauke su. Harshe ne mai rai ƙwarai a baki. A takarda ne yake maraya. Ku dubi yadda muke rubuta ta a WhatsApp, kowa da nasa: wannan ya sa “chikin”, wancan ya sa “nagodey”, wani ya haɗa kalmomi uku wuri ɗaya. In aka miƙa wa mai digiri shafi ɗaya na Magana Jari Ce sai ka ji yana in'ina kamar ɗan aji biyu.

Wannan dalili gaskiya ne, amma na ga mun mayar da shi inuwar fakewa. Wanda ya iya karatun Turanci, ya kuma iya Hausa a baki, mako biyu sun ishe shi ya kama ƙa'idar rubutun Hausa in ya sa kansa. Haruffa masu ƙugiya guda nawa ne? Ɓ da ɗ da ƙ, sai 'y. Suna nan cikin wayar da ke hannunka, sauya harshen madannai kawai za ka yi. Yaran da suka haddace izu sittin, suka iya bambance haruffan Larabci masu kama da juna tun suna shekara bakwai, ba waɗannan haruffa huɗu ne za su gagare su ba.

Dalili na biyu shi ne wanda ba mu cika faɗa ba, kunya. Mun yarda a zuciyarmu cewa Hausarmu gurguwa ce. Muna cewa “rigan shi” inda Bakano zai ce “rigarsa”. Da yawanmu “cau” muke cewa a maimakon “kyau”, “jara” a maimakon “gyara”. Ƙugiyar ƙ da ɗ ta sulale daga harshen yaranmu. Mun cusa kalmomin Tuwi da Ga da Turanci, muna shiga tirotiro, muna biya da sidi, muna cin dokunu. In ɗan zango ya yi magana a gaban baƙo daga Kano sai ka ga yana taka-tsantsan kamar mai tafiya a kan ƙwai, in an yi masa dariya sau ɗaya ya koma Turanci. Wanda yake jin kunyar furta harshe, ina zai sami ƙarfin zuciyar rubuta littafi da shi?

Ni dai ban yarda da wannan raini ba. Basakkwace yana da tasa Hausar, Bakatsine da tasa, mutumin Damagaram da tasa, na Zariya ma ba ya bin jinsin kalmomi yadda Bakano ke bi, kuma babu wanda ya ce su ajiye alƙalami. Daidaitacciyar Hausa yarjejeniya ce da aka yi domin mu iya karanta juna daga Sudan har bakin teku, abu ne mai amfani, kuma ina ganin ya kamata marubucinmu ya koye ta sosai, ya yi bayaninsa da ita. Amma in mai waken Nima ta buɗe baki a cikin labari, a bar ta ta yi magana yadda take yi a bakin tukunyarta. In aka sa mata Hausar mai karanta labarai a rediyo an kashe ta. Daɗin labari yana cikin muryar mutanensa, kuma muryarmu tana da abin da babu a ko'ina: shekaru fiye da ɗari na zama tsakanin Asante da Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Yarbawa da Kotokoli, kowa ya zuba nasa gishirin a miyar. Mai karatu a Kano zai yi tuntuɓe a shafi na farko, a na goma ya saba, kamar yadda goggona ta saba da “lefe” da “kamu” da sunayen unguwannin da ba ta taɓa takawa ba. In ma wani mai ƙarfin hali ya ce shi daga farko har ƙarshe da Hausar zango zai yi, ni ba zan hana shi ba, zan ma sayi kwafi biyu.

Za a ce, to wa zai buga, wa zai saya? Tambaya ce mai nauyi, ba na raina ta. Sai dai a tuna yadda adabin da muke saurare a waya ya faro. A shekarun 1980 da 1990, lokacin da manyan kamfanonin ɗab'i a arewacin Nijeriya suka yi sanyi, matasa ne suka tara kuɗinsu suka kai wa masu injin buga takardu, suka rarraba a kasuwa. Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, Balaraba Ramat Yakubu da Alhaki Kuykuyo Ne, Bilkisu Ahmed Funtuwa da Allura Cikin Ruwa. Wasu masana suka kira shi adabin kasuwar Kano, da nufin ragewa, aka yi ta muhawara a jaridu. Takardar ba ta da kyau, kurakuran ɗab'i sun yi yawa, wasu labaran ma ba su da nauyi. Amma sun koya wa dubban matan aure karatun Hausa a cikin ɗakunansu, abin da ajin yaƙi da jahilci ya daɗe yana nema. Daga baya, a 2012, wani kamfani a Indiya ya buga fassarar littafin Balaraba da Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi. Ba su jira gwamnati ba, ba su jira a ce Hausarsu ta cika ba.

Yau abin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Marubuta mata suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu suna biya ta waya, wasu suna karantawa da murya a YouTube. Ko sisin kwabo ba a kai wa mai injin ɗab'i. Sai dai a yi hattara da dogaro da waya kaɗai. Manhajar OkadaBooks, inda marubutan Hausa da yawa suka ajiye littattafansu suna sayarwa, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023, kowa ya shiga neman inda zai kwashe kayansa. Takardun Alhaji Umaru sun shekara fiye da ɗari ana karanta su. Saboda haka wanda ya rubuta abin kirki ya daure ya buga ko kwafi ɗari ne, ya ajiye a makarantun Islamiyya da gidajen sarakunan zango.

Akwai kuma ƙofar da take buɗe ba mu shiga ba. Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata a 2016 domin mata, gajeren labari mai kalmomi 1,000 zuwa 1,500. A 2022 Amira Souley daga Maraɗi ta zo ta ɗaya da labarinta Garar Biki. 'Yar Nijar ce, ƙasar da karatun boko yake da Faransanci, amma ta zauna ta rubuta da Hausa ta kuma yi nasara a kan ɗimbin marubutan Nijeriya. Na san Maraɗi ƙasar Hausa ce tsantsa, ba a haɗa ta da Ashaiman ba. Duk da haka nasararta ta nuna cewa alƙalan ba fasfo suke dubawa ba. Kalmomi 1,500 shafi huɗu ne ko biyar. 'Yan matanmu da ke rubuta dogayen saƙonni a Facebook kullum, sun fi haka yawa a mako.

Abin rubutawa kuwa, wallahi har ya yi mana yawa. 'Yan matan da ke dakon kaya a ka a Kejetiya da Agbogbloshi, suna kwana a barandar shaguna. Samarin da suka bi ta Agadas zuwa Libiya, wasu suka dawo, wasu har yau uwayensu na sauraron waya. Yarinyar da aka kai aikatau ƙasar Larabawa aka karɓe mata fasfo. Saurayin da aka haifi kakansa a Kumasi amma in ya je neman takardar ɗan ƙasa sai a tambaye shi daga ina ya zo. Tsofaffin sojojin da aka yi wa umarni da Hausa a rundunar Gwalkwas, aka kai su Bama a yaƙin duniya na biyu, suka dawo da lambobi a ƙirji da aljihu wayam.

Sannan ga 1969. A watan Nuwamba na wannan shekara gwamnatin Busia ta ba da umarnin duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Zangunanmu suka girgiza. Mutanen da aka haifa a nan, waɗanda ba su san hanyar Sakkwato ko Dosso ba, suka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, suka hau manyan motoci. An raba mata da miji, an raba wa da ƙane. Bayan shekara goma sha huɗu, a 1983, Nijeriya ta yi nata korar, 'yan Gana suka dawo da jakunkunan da har yau ake kira da sunan wannan tafiya. Masana tarihi sun rubuta adadi da dalilan siyasa da Turanci. Amma yadda abin ya kasance a cikin ɗaki, abin da uwa ta ce wa 'yarta a bakin mota, wanda aka bar wa ajiyar akwati, wanda ya ci amana da wanda ya riƙe, wannan yana cikin kan tsofaffin da suka haura saba'in, kuma da Hausa yake. Duk shekara muna binne su da shi. In an fassara shi zuwa Turanci kafin a rubuta, rabin abin ya zube a hanya, domin tsohuwa ba ta yi kukanta da Turanci ba.

Kowace ranar 26 ga Agusta muna taruwa bikin Ranar Hausa ta Duniya. Mu sha manyan riguna da rawuna, a yi kiɗa, a yi dambe, sarakuna su yi jawabi, a ɗauki hotuna. Ina jin daɗin wannan rana, ina kuma zuwa. Amma a tarukan da na halarta ban taɓa ganin teburi ɗaya da aka jera littattafan da 'yan zango suka rubuta da Hausa ba. Kuɗin rumfa da lasifika na shekara ɗaya zai isa a sa gasar gajeren labari tsakanin makarantun Islamiyya na gari guda, a buga goma da suka fi kyau. Malaman Islamiyya su ba da sa'a ɗaya ranar Asabar a koya wa yara rubutun Hausa, boko da ajami duka, tunda allon yana hannunsu. Ɗalibanmu da ke Legon su shiga ɗakin ajiyar nan su juyo mana waƙoƙin Alhaji Umaru zuwa boko, mai murya ya rera a rediyo. Wani kuma ya nemi izinin Mohammed Naseehu Ali da Ayesha Harruna Attah ya mayar da aikinsu Hausa. An daɗe ana fassara namu ana fita da shi, lokaci ya yi da za a fassaro a shigo da shi gida.

Da yake mai faɗa ya kamata ya fara da kansa, na koma wurin goggo da littafin a hannu. Na zauna ina karanta labarin Malam Sile a zuci ina juya mata shi da baki, jimla bayan jimla. Ta yi dariya har da hawaye a inda matar ta je karɓar bashi, ta ce ta san mace irin wannan a Alabar, ta ma faɗi sunanta. Sau uku tana tsayar da ni tana gyara mini kalma, wai ba haka ake faɗa a zango ba, na cika Kananci.

Da muka gama na ce, “Goggo, saura naki. Ba ni labarin shekarar da aka kori mutane.” Ta yi shiru har na zaci ba ta ji ba. Can ta aiki jikarta ta jawo wata tsohuwar tukunyar ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ta ce ta maƙwabciyarta ce, wata Bazabarma da suka yi amarci shekara ɗaya, ta bar mata ajiya da asubar da motarsu za ta tashi, ta ce in ƙura ta lafa za ta dawo ta karɓa. Goggo ba ta taɓa ɗora ta a wuta ba.

Na kunna na'urar ɗaukar murya, ta yi magana har aka kira sallar magariba. Shafi shida na rubuta zuwa yanzu. Ranar Juma'a zan koma in karanta mata, ta ce in zo da wuri, kafin jikarta ta kunna mata na Abuja.